Motar Lantarki A Garin Da Ba A Ƙera Ta Dominsa Ba

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, hirar mota ta sauya salo a majalisunmu. A da gardamar ita ce wacce ta fi gudu, wacce ta fi ƙarko. Yanzu tambayar farko ita ce lita nawa take sha. Litar da aka saba saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu a garuruwa da yawa. A irin wannan hali, duk wanda ya ji labarin motar da ba ta shan mai ko ɗigo dole kunnensa ya miƙe. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne, da yawa daga cikin motocin lantarkin da ake shigo mana da su an ƙera su ne domin kasuwar wata ƙasa, da wutar can, da yanayin can, da garejin can. Idan ta baro gida, ƙarfen da batirin suna biyo ta, sauran gatan kuwa a can take barinsa.

Na san wannan ne ta hanyar kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ke sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari. Shekara guda da 'yan watanni ke nan da ya sayi irin wannan mota. Da yake diflomata a fannin lantarki take, sai ya naɗa ni injiniyan gida ba tare da albashi ba. Duk abin da zan faɗa a nan, ko dai na taɓa shi da hannuna, ko na tsaya a kai ana yi.

Lissafin da ya ja hankalin Kawu lissafi ne na gaskiya, kuma ni na buga masa shi. Motar matsakaiciya ce, batirinta yana ɗaukar yunit 55 ko kusa da haka, irin yunit ɗin da muke saye a mitar gida. A tafiyar kilomita 100 tana cin yunit 16, idan aka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji sai a ce 18. Ko da farashin da aka sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, wato naira 225 kowane yunit, kuɗin bai wuce naira 4,050 ba. Tsohuwar motarsa kuwa tana shan lita tara a wannan nisa, naira 9,000 ke nan idan lita tana dubu. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, babu wankin kafireta. Ɗan kasuwa yana ganin wannan tazara ya san inda riba take.

Hanyar da motar ta zo ita ce mafarin sauran labarin. Wani dillali ne ya haɗa shi da wani a China. Akwai dabarar da masu fitar da motoci suka daɗe suna yi a can: a sayi sabuwar mota daga dilan cikin gida, a yi mata rajista, sannan a fitar da ita a matsayin ta hannu, alhali ko ledar kujera ba a cire ba. Ta wannan hanya motocin China masu yawa suka shiga Rasha bayan 2022, ta Kazakistan da Kirgistan, kuma haka suke isa ƙasashen Larabawa da na Afirka. Kamfanin da ya ƙera motar bai san ta bar ƙasar ba, balle ya ɗauki nauyinta. Ƙorafi ya yi yawa har gwamnatin China ta sanar da cewa daga ranar 1 ga Janairun 2026 sai da lasisi za a fitar da ƙananan motoci masu aiki da batir zalla. Sa'a ɗaya da muke da ita ita ce sitiyarin motocin China a hagu yake kamar namu, domin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. Wanda ya ɗauko ta Jafan ko ta Ingila, da sitiyarin dama, tun daga tashar jirgin ruwa rigimarsa za ta fara.

Darasin farko da muka koya a kan bakin caji ne. Bututun fetur iri ɗaya ne daga Kano har Tokyo, amma na lantarki kowane yanki da nasa. China tana amfani da wanda ake kira GB/T. Turai tana da CCS2, Amurka tana da CCS1 da kuma na Tesla, Jafan tana da CHAdeMO. Abin haushi, bakin cajin gida na China ya yi kama da na Turai sosai a ido, sai ka zo sakawa ka tarar ba sa shiga juna. Na cajin gaggawa kuma bambancinsu ya wuce siffa, domin yaren da motar take magana da na'urar caji ma daban ne. Shi ya sa mahaɗin da ke tsakaninsu yake da tsada, tunda akwai 'yar kwamfuta a cikinsa mai yin tafinta. Saboda haka idan ka ji an buɗe wurin caji a Abuja ko Legas, kada ka yi murna sai ka tambayi irin bakin da ke jikinsa.

A gida ma sai da muka yi aiki. Wutar China bolt 220 ce, kusan daidai da tamu, don haka cajar da ta zo da motar ta dace. Wanda ya sayo ta Amurka, inda soket ɗin gida yake bolt 120, tilas ya duba abin da aka rubuta a jikin cajarsa kafin ya soka ta a bangonmu, in ba haka ba zai ji ƙauri. Mu kuwa da muka jona, sai cajar ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. Gidan Kawu, kamar gidaje da yawa, ba shi da wayar ƙasa mai kyau, wadda ke kwashe wuta ta kai ta cikin ƙasa idan an sami yoyo. Firji da talabijin ba su damu ba, amma cajar mota ba ta yarda. Muka haƙa rami a bayan gida, muka kafa sandar jan ƙarfe, muka ja waya mai kauri daga mita kai tsaye da makunninta daban. Soket na yau da kullum yana ba da kilowat biyu da ɗan abu, wato cika batir daga ƙasa zai ci fiye da awa 25. Cajar bango mai kilowat bakwai tana gamawa cikin awa takwas, amma tana jan amfiya 32, kuma siririyar wayar da aka saba ja wa fanka da ƙwan fitila narkewa za ta yi.

A nan ne mutane suke tambaya cikin dariya, "To ina wutar?" Tambayar tana da hujja, sai dai amsar ba ta kai munin da ake zato ba. Kawu yana yin kamar kilomita 40 a rana, daga gida zuwa kasuwa da kai yara makaranta. Yunit bakwai ke nan, awa ɗaya a cajar bango. Ko a unguwar da ake kawo wuta tsakar dare a ɗauke da asuba, wannan yana samuwa. Matsalar tana zuwa ne idan wutar ta zo da rauni, domin cajar takan yanke da kanta, ko kuma idan taransifoma ta lalace aka yi mako a duhu. An taɓa yin haka, Kawu ya ce a tayar da janareta. Na buga masa lissafi: ƙaramin janaretan fetur da ƙyar yake ba da yunit biyu a kowace lita, don haka yunit 18 zai ci lita tara ko goma. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai injiniya, ashe tsohuwar motata na dawo da ita ta bayan gida." Daga ranar ya fara tara kuɗin sola.

Darasi na biyu a kan allon motar ne. Motocin yanzu rabinsu waya ce mai taya, komai ta allo ake yi, daga na'urar sanyaya har daidaita madubi. Namu allon da rubutun China ya zo. An iya juya wani sashe zuwa Turanci, amma saƙonnin gargaɗi, waɗanda su ne mafi muhimmanci, suka ƙi juyuwa. Idan wani rubutu ya fito sai mu ɗora kyamarar waya ta fassara mana. Taswirar ciki ba ta san Kano ba. Muryar da ke karɓar umarni Sinanci kawai take ji. Manhajar waya da ake buɗe motar da ita, ko a duba cajin batir daga nesa, ba ta yin rajista sai da lambar wayar China, kuma asusun yana kan sunan wanda aka yi wa rajistar farko, mutumin da ba mu taɓa gani ba. Layin intanet da ke cikin motar ma ya mutu tun a teku, saboda haka duk gyaran manhaja da kamfanin yake turo wa 'yan uwanta ta iska, tamu ba ta samu. Mutum ya biya miliyoyi, amma akwai mukullin da ba ya hannunsa.

Masu sayo motocin gwanjo daga Amurka suna da tasu damuwar. Yawancin masu arha motoci ne da kamfanin inshora ya yanke musu hukuncin mutuwa bayan hatsari ko ambaliya. Mun saba da wannan a motar fetur, mai fanel bita da mai fenti su mayar da ita amarya. Batir kuwa ba ya mance duka. Bayan guguwar Ian da ta afka wa jihar Florida a 2022, an ga motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga batirinsu suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye. An kuma san Tesla da rufe cajin gaggawa ga motocinta da aka rubuta wa wannan hukunci. Duk wanda aka nuna wa hoton mota mai sheƙi da farashi mai daɗi, ya nemi lambar jikinta ya binciki tarihinta tukuna.

Sai zafi. Batirin litiyam yana tsufa da sauri idan yana yawan ɗaukar zafi, musamman idan a cike yake. A 2012 masu motar Nissan Leaf a birnin Phoenix na jihar Arizona sun yi ta ƙorafin cewa batirinsu yana raguwa da wuri, domin wannan samfurin ba shi da ruwan sanyaya batir, iska kawai ya dogara da ita. Wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, ya san mu ma sahun Phoenix muke. Motar Kawu tana da ruwan sanyaya, kuma batirinta irin wanda ake kira LFP ne, wanda ya fi jure zafi. Duk da haka mun kafa mata rumfa, kuma ba ma jona ta da zarar ta dawo daga doguwar tafiya da rana tsaka. Mai sayen ta hannu ya nemi a jona na'ura a nuna masa lafiyar batirin kashi nawa cikin ɗari ta rage. Wannan lambar ta fi kilomitan da ke kan allo muhimmanci, domin batir shi ne kaso mafi tsada a jikin motar.

Babbar jarrabawa ta zo ne a wata na bakwai. Wani mai adaidaita sahu ya yanko gaban Kawu a shataletale, ya fasa fitilar hagu, ya tsaga bamba, ya kuma karya wata 'yar na'ura a bayan bambar mai gano abin da ke gaban mota. A tsohuwar motarsa wannan aikin yini ɗaya ne: ka shiga Ƙofar Ruwa, ka zaɓi sabuwa ko ta Beljiyam, kafin la'asar an ɗaura. Na zaga kasuwar rumfa rumfa da hoton fitilar a waya. Wani dattijo ya juya hoton sama da ƙasa ya ce, "Yaro, wannan ko a mafarki ban taɓa ganinta ba." Muka koma wa dillali, ya ce shi mota ya sayar, ba kayan gyara ba. Garantin batir na shekara takwas da ya yi ta nanatawa lokacin ciniki, da muka fassara takardar, sai muka ga yana aiki ne a cikin China kawai, kuma sai idan a garejin kamfanin ake duba motar. A ƙarshe wani abokin kasuwancin Kawu da ke zuwa Guangzhou sarin kaya shi ya nemo kayan da lambar jikin motar, aka saka su cikin kwantenar atamfa. Mako bakwai motar tana tsaye a ƙarƙashin rumfa tana shan ƙura.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar bakaniken Kawu, mutumin da ya fi shekara 20 yana gyara masa mota. Da ya buɗe gaban motar ya ga wayoyi masu kauri ruwan lemo, sai ya ja da baya ya goge hannu. Ya ce, "Alhaji, taya da birki da ƙafa duk zan yi maka. Waɗannan kuwa ban san su ba, kuma ba zan koya a kan dukiyarka ba." Na girmama shi a ranar. Wayoyin nan suna ɗauke da wajen bolt 400, wutar da ke kashe mutum nan take, kuma akwai ƙa'idar kashe ta da safar hannu ta musamman kafin a taɓa. Wanda ake tsoro shi ne mai karambanin da zai ce duk mota mota ce. Bayan an ɗaura kayan ma sai da muka nemo wani matashi mai gyaran kwamfutar mota, ya kwana biyu yana fama da na'urarsa kafin jar fitilar gargaɗi ta mutu.

Gaskiyar bakaniken ta nuna wani abu kuma: rabin motar har yanzu mota ce irin wadda muka sani. Tana cin taya fiye da ta fetur saboda nauyin batir. Shakazoba tana jin ramukanmu. Matatar iskar na'urar sanyaya tana toshewa da ƙurar hunturu. Akwai ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, kuma idan ya mutu motar ba ta tashi ko da babban a cike yake. Birki ne kaɗai ke daɗewa, domin injin da kansa yake rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Dole direba ya riƙa tunawa cewa batirin a ƙasan motar yake shimfiɗe, don haka tudun rage gudu da aka gina kamar kabari, da kududdufin damina da ba a san zurfinsa ba, duk abin kiyayewa ne. Idan ta tsaya a hanya kuma ba a ɗaura mata igiya a ja, sai a ɗora ta kan babbar mota, saboda juya tayoyin yana sa injin haifar da wuta.

Tafiya mai nisa ma sai da shiri. Takarda ta ce motar tana yin fiye da kilomita 400, amma ma'aunin gwajin China an san shi da sassauci, domin yawancinsa tafiyar cikin gari ce a hankali. A babban titi, da na'urar sanyaya a kunne da mutum huɗu a ciki, abin da muke gani bai cika kai 300 ba. Kano zuwa Kaduna kilomita 230 ne ko kusa, ana zuwa, amma sai an kwana ana caji a gidan ɗan uwa kafin a dawo. Abuja kuwa ta wuce 400. Kawu bai sayar da tsohuwar motarsa ba, kuma duk wanda ya ce masa zai sayi ta lantarki ta zama ita kaɗai ce motarsa, yakan ce ya sake tunani.

Duk da haka ban ga dalilin yanke ƙauna ba, domin motar fetur ma baƙuwa ce a da. Abin da ya mayar da Fijo 'yar gida shi ne masana'antar da ta fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, da dilolin kayan gyara, da dubban yaran gareji da suka koyi cikinta har suna gane ciwonta daga ƙara. Gatan mota mutane ne da suka san ta. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a farkon 2024, kuma cikin abubuwan da masu motocin lantarki a Addis Ababa suke kuka da su akwai ƙarancin kanikawa da kayan gyara, irin kukanmu sak. A gida ma an fara. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, a lokacin da yake shugabantar hukumar NADDC an buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Kamfanin Stallion ya harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas yana saka musu batir. Irin wannan aiki ya fi burge ni, saboda wanda ya haɗa motar yana garin, ana iya zuwa a buga masa ƙofa.

Idan wani ya nemi shawarata yau, tambayoyi biyar zan ba shi ya kai wa mai sayarwa. Domin wace ƙasa aka ƙera ta, kuma wane bakin caji gare ta? Wa zai ɗauki garanti a nan, a rubuce, da adireshin garejinsa? Asusun manhajar da sunan wa yake? Lafiyar batirin kashi nawa ce, a nuna a kan na'ura? Idan fitila ko gilas ya fashe gobe, daga ina za a samo, cikin kwana nawa? Wanda ya amsa biyar ɗin ba tare da kame-kame ba, a yi ciniki da shi ko da ya fi tsada. Bambancin kuɗin da ke tsakanin motar wakilin kamfani da ta dillalin waya shi ne kuɗin kwanciyar hankali, kuma ko ba ka biya a farko ba za ka biya daga baya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ni kuwa abin da wannan mota ta bar mini shi ne tunanin 'yan uwana da muka gama makaranta tare, masu takardar lantarki a jaka suna jiran aikin ofis. Motocin nan suna ƙaruwa, da babura da kekuna masu batir, kuma kowace za ta buƙaci wanda ya san yadda ake kashe wutarta lafiya, ya karanta na'ura, ya gane ƙwayar batirin da ta gaza. Dattawan gareji sun san ƙarfe, mu mun karanta waya, kuma babu ɗayanmu da zai iya aikin shi kaɗai. Tun watan jiya nake zuwa garejin bakaniken Kawu duk ranar Asabar. Yana koya mini ƙafar mota, ni kuma ina nuna wa yaransa yadda ake riƙe mitar awon wuta, da wayar da ba a taɓawa.